Kawo-Makulli, Likitan Motar da Ta Sha Ruwa

Kafin ya buɗe garejinsa da safe, sai ya fara kallon sama. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gama wannan kallon. In gari ya waye garau, zai ɗage ƙofar ƙarfen nan tasa mai ƙara, ya share gaban gareji, ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ya jingina da bango. In kuwa hadari ya haɗo, ba ya zama. Takalman roba zai zura, ya ɗauko wata baƙar igiya ya rataya a wuya, ya gangara bakin kwarin da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda titinmu yake nutsewa kafin ya sake hawowa. Na san duk wannan dalla-dalla domin garejina yana kallon nasa, titi ne kawai tsakaninmu, kuma tun muna da baƙin gashi nake kallonsa.

Da aka ji ya ajiye aiki, masu sana'ar layinmu suka ce ya kamata a rubuta masa jinjina. Mai facin taya ya nuna ni da baki, wai ba wanda ya san shi kamar ni, tunda ba wanda ya kai ni sa masa ido. Aka kwashe da dariya, ni ban yi ba, amma gaskiya ya faɗa. Bari in faɗa tun da wuri don kada a ce na ɓoye: kishin mutumin nan nake yi. Jiya na yi, yau ma da shi na tashi. To amma yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ya tsone maka ido.

Abin da ya fi ci min rai kuma zan zo gare shi. 'Yata ta cikina, ranar da motarta ta sha ruwa, ta wuce ƙofar ubanta bakanike ta kai masa.

Maigida ɗaya ya koya mana aiki, Allah ya jiƙansa. Ni na riga shi zuwa, na riga shi riƙe sifana, na kuma girme shi, ko da yake shi yana musun hakan. Ni Allah ya ba ni kunne. A tayar min da mota in tsaya a gefenta, kafin direba ya gama bayani na gaya masa inda ciwon yake. Mai Kunne ake ce min, kuma ba a banza ba. Maganar da ta fi zama a bakina ita ce, "Tayar min da ita in ji." Da ita na ci, da ita na sha, da ita na aurar da 'ya'ya.

Sai dai akwai mota guda da kunne ba ya yi wa amfani, wato wadda ta shiga ruwa ta yi shiru. Wannan ba a tayar da ita a ji. Fistin an yi shi ne ya matse iska da mai, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. In inji ya shaƙi ruwa ya mutu a tsakiyar kwari, sau da yawa da sauran ransa, direba ne yake ƙarasa shi da hannunsa. Zai murɗa makulli, sitata mai tayar da inji ta tunkuɗa fistin, fistin ya ci karo da ruwa, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, shi ke nan inji ya buga. Kowane bakanike ya san wannan karatun, ni ma na san shi. Bambancin shi ne maƙwabcina ya gane cewa matsalar ba a cikin inji take ba, a hannun direba take.

Daga nan sunansa ya samo asali. Za a turo masa mota tana ɗigar ruwa, direba ya fito yana haki ya ce, "Sannu da aiki, Malam, wallahi ina cikin tafiya ne..." Shi kuwa hannu kawai zai miƙa.

"Kawo makulli."

"Ai so nake in nuna maka yadda take yi."

"Na san yadda take yi. Kawo makulli, sai mu gaisa."

Zai karɓa, ya zura shi a baƙar igiyar nan ta wuyansa, ya tura cikin riga. Sai a lokacin zai amsa sallama, ya tambayi mutanen gida, har ya ba mutum wurin zama. A ranar ruwa mai yawa za ka ji shi yana tafe yana kacau-kacau, makullan mutane cike da ƙirjinsa. Ni in na katse direba haka, cewa za a yi ba ni da tarbiyya. Shi da ya yi, sai aka mayar masa da shi kirari.

Ba ya tambayar direba zurfin ruwan da ya shiga. Ya ce bai taɓa ganin direban da ya shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, in dai a bakinsa za ka ji. Wandon mutum yake kallo. Duk wanda motarsa ta mutu a kwari dole ya fito ya tura, kuma ruwan kwarinmu ja ne, yana barin layi. Mutum zai tsaya yana rantsuwa cewa ɗan ruwa ne kaɗan, alhali ga jan layi ya zagaye masa cinya. Kawo-Makulli zai dubi layin, ya matsa da mutumin kusa da mota kamar zai nuna masa wani abu, ya gwada tsayin layin da bakin bututun da inji yake shaƙar iska. Kafin ya ɗaga bonet ya riga ya san rabin labarin.

Haka kuma ba ya cewa, "Ka gwada tayar da ita?" Cewa yake, "Sau nawa?" In aka ce sau ɗaya, sai ya zura hannu ya taɓa sitata. In ya ji ta da ɗumi, ya kunna fitila ya ga ta yi ja alamar batir ya galabaita, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Sau ɗayan nan naka da tsawo yake." Daga nan aikin ba wani sihiri ba ne. Zai cire kan batir. Ya buɗe gidan filtar iska ya matse ta a hannu ya ga ko za ta yi hawaye. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba ko man ya koma kalar shayi da madara. Ya kwance fulogai ya jera su a kan tsumma. Sannan ya ɗauko doguwar sifanarsa ya sa a gaban inji, ya juya shi da hannu a hankali, idonsa a rufe, yana jin inda ya cije da inda ya saki. Duk wannan ni ma ina yi. Na rantse ina yi. Amma in ruwa ya sauka, layin motoci a ƙofarsa yake, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda.

Mai faci shaida ne a kan labarin wani direban motar kaya, ƙato mai faɗin kafaɗa da yawan magana. An turo motarsa, ya ba da makulli ba musu, har mutane suna yaba masa. Kawo-Makulli ya shiga ciki ɗauko kayan aiki, ko bonet bai ɗaga ba tukuna. Ashe mutumin nan yana da wani makullin a cikin safa. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce a ransa bari dai ya ɗan gwada, ƙila ta huce. Ni ina daga tsallaken titi na ji ƙarar, ƙwas, sau ɗaya tak, na ajiye abin da ke hannuna na ce inna lillahi. Kawo-Makulli ya fito da sifana a hannu, ya dubi motar, ya dubi mutumin, bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Sauri ya haifi nawa. Ka kai wa Mai Kunne, shi ya fi ni iya buɗe ciki." Ni na sauke injin nan, ni na sha baƙin mai har gwiwar hannu, ni na mayar da shi kamar sabo. Ranar da mutumin ya zo ɗaukar motarsa, ya yi min godiya a tsaye, sannan ya tsallaka ya durƙusa gaban maƙwabcina yana neman gafara. Tun daga ranar aka sami ƙari a gaisuwar. In ka miƙa makulli, hannun ba ya komawa, sai ka ji, "Kawo ɗayan ma."

Kai ne, Kawo-Makulli, mai tsayawa a bakin kwari cikin ruwan sama kana ɗaga wa ƙananan motoci hannu su juya. Na sha gaya maka cewa abincinka kake kora. Ka ce min motar da ba ta nutse yau ba za ta zo gobe da ciwon birki, kuma mai ita zai tuna wanda ya tare shi. Na ce wannan lissafin wawaye ne. Ga shi nan, mutum ya kori abincinsa, abincin ya biyo shi har gida, mu da muka zauna jiran sa muna hamma.

Duk wannan takaicin a gida nake sauke shi. In na dawo aka ajiye min abinci, sai in fara. "Wai yau ma ya karɓe wa wani makulli. Wai kada a murɗa, kada a murɗa, sai ka ce shi ya ƙera motar. Wai har wando yake aunawa." Uwar 'ya'yana takan ce, "Malam, ka ci abincinka, mutumin nan fa ko sunanka ba ya kira da sharri." In ce ai shi ne abin haushin. Yara suna zaune suna ji, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Babbar 'yata tun tana ƙarama take son tuƙi. Da ta yi aure, ita da mijinta suka haɗa ƙarfi suka sayi wata ƙaramar bas, tana kai 'ya'yan mutane makaranta tana ɗauko su. Bas ɗin nan ita ce sana'arta, ita ce rufin asirin gidanta. In ta kwana biyu a gareji, iyayen yara wani direban za su nema, kuma ba a dawowa. Ni nake duba mata ita, ni nake canza mata mai, ko tari ta yi ni nake ji.

A damunar bara, wata safiya aka tafka ruwa. Ta sauke yara tana dawowa ita kaɗai, ruwan kwari bai kai ya hana ta wucewa ba, ta shigo a hankali yadda ya kamata. Tana tsakiya sai ga wata babbar mota daga gaba, ba ta rage gudu ba, ta turo ruwa ya hau kan bonet ɗin bas. Inji ya ɗauke. Mutane suka taru suka turo ta zuwa sama, ita tana ciki tana riƙe da sitiyari. Na hango kalar motar tun daga nesa. Na janye wata mota daga bakin garejina na buɗe mata wuri, na goge hannu, na tsaya a bakin titi inda ba yadda za a yi ta ce ba ta gan ni ba. Da suka iso saman hawa, garejina yana hagu, nasa yana dama. Sitiyari a hannunta yake, ba a hannun masu turi ba. Ta karya dama.

Mai faci ya dube ni, ya yi sauri ya sunkuyar da kai kan tayar da yake liƙewa. Na koma ciki na zauna. Na tashi. Na sake zama. Daga ƙarshe na ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, na tsallaka titi wai na zo aron wata sifana, wadda ina da irinta har biyu a akwatina.

Na tarar ya miƙa mata hannu. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Ga shi, Kawu. Ga ɗayan ma."

Ya karɓa ya rataya, ya dube ta. "Sau nawa?"

"Ko sau ɗaya."

Ya yi murmushin wanda ya saba jin haka. Ya zura hannu ya taɓa sitata, ya daɗe yana taɓawa. Ya kunna fitila, ta kawo fes. Ya miƙe ya ce, "Tun da nake, yau na ga direba mai gaskiya. 'Yata, wa ya koya miki?"

"Babana," in ji ta.

Na ji kaina ya fara girma, har na gyara tsayuwa. Sai ta ƙarasa.

"Tun muna yara, kullum in ya dawo sai ya yi ta mitarka a kan abinci. Wai ka ce kada a murɗa, wai kana karɓe makulli, wai kana auna wando. Ina cikin ruwan nan hannuna ya kai kan makulli, sai na ji muryar Baba yana kwaikwayonka. Na zare shi na jefa a jaka."

Masu turin nan suka fashe da dariya, shi kansa sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ashe shekara da shekaru ni ne mai yi masa talla a cikin gidana, kyauta, da bakina. Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce, ni kuwa buhu-buhu na yi ta kai masa.

Na ja ta gefe na ce, "To tunda a wurina kika koya, me ya hana ki kawo min?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, kada ka yi fushi. Tsoro na ji kada ka ce a tayar maka ka ji."

"Ni? Motar da ta sha ruwa?"

"Baba, ko rediyo aka kawo maka sai ka ce a kunna."

Allah ya sani ba zan ce ba. Amma ta faɗa a gaban mutane, kuma ba wanda ya tashi ya kare ni. Na juya zan tafi, ko sifanar ban karɓa ba, sai na ji ya ce, "Mai Kunne, tsaya. Motar 'yarka ce, ba zan buɗe ta kana tsallaken titi ba."

Filtar iska ya matse, ta zubo da ruwa sharkaf. Baƙin mai ya fara yin fari. Ya kwance fulogai, biyu daga ciki suka fito a jiƙe. 'Yata tana tsaye ta haɗa hannu a ƙirji, ni kuwa na san me take lissafawa, domin ko ba ta murɗa ba, inji yana iya lanƙwasa sanda a daidai lokacin da ya shaƙi ruwan. Ya ɗauko doguwar sifanar ya sa a gaban inji, ya kama, ya rufe ido. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba duk da sa idona. Hannun rawa yake yi. Ya saki, ya murza yatsunsa, ya sake kamawa, ya sake saki. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni.

"Zo ka juya min. Hannun nan ya daina gaya min gaskiya."

Na dube shi, bai dube ni ba. Na kama sifanar. Ya ce, "A hankali, kamar za ka buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. In ta cije kada ka yi mata dole, ka gaya min." Na juya. Ta tafi, ta ɗan yi nauyi, sai ruwa ya yi tsartuwa daga ramin fulogi ya wanke min fuska. Aka sake yin dariya, ranar dai ni ne abin dariyar layi. Na ci gaba da juyawa, yana tambaya ina ba shi amsa, har inji ya zagaya sumul ba inda ya cije. Muka fitar da sauran ruwan, muka zubar da man muka zuba sabo, muka sa sabuwar filta, muka busar da fulogai muka mayar. Sai a lokacin ya zaro makulli daga wuya ya miƙa mata, ya ce, "Bismillah."

Ta murɗa. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ta sake, haka. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta kawar da kai don kada mu gani. Kawo-Makulli ya bi wayoyi ya duba, ya tabbatar wuta tana zuwa fulogi. Sannan ya ce da ƙarfi, kowa yana ji, "Nawa ya ƙare. Saura na mai kunne."

Na ce kowa ya yi min shiru, har mai faci na sa ya kashe injin iskarsa. Na durƙusa a gefen tanki na kara kunne, na ce mata ta murɗa makulli mataki ɗaya kawai, kada ta kai ga tayarwa. A lafiyayyar mota, a nan za ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka siriri kamar sauro. Ban ji komai ba. Na ce ta kashe ta sake, shiru. Na zagaya na buɗe akwatin fiyus, wanda a irin wannan bas ɗin a ƙasa yake kusa da ƙafar direba, na zaro ɗan abin nan da ke ba famfo wuta, muna ce masa rile. Na girgiza shi a kunne na ji ruwa a ciki. Na busar da mazauninsa, na ciro na hon na sa a gurbinsa, na koma na durƙusa. Sauro ya yi kuka.

Ta murɗa, bas ta yi tari, ta tofar da ruwa ta salansa, ta kama. Mutane suka fara sowa, na ɗaga musu hannu, don ni aikina bai ƙare ba. Na ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, na kara ƙotar a kunne, na bi fistin ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙwanƙwasar nan da ba na son ji. Ban taɓa sauraron inji da tsoro irin na ranar ba. Babu. Na miƙe na ce, "Lafiyarta ƙalau. Gobe ki ɗauki yaranki."

Ta diro daga mota tana share hawaye, ta wuce ni, ta durƙusa ta ce, "Kawu, na gode, Allah ya saka da alheri." Masu kallo suka ce Kawo-Makulli ya sake yi. Na ji shi yana cewa, "Babanki ne ya tayar da ita," amma ƙarar inji ta danne maganar, ba wanda ya ji sai ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tsallaka titi da jiƙaƙƙiyar riga, ina murna ina jin haushi, na rasa wanne ya fi yawa.

Bayan wannan bai daɗe ba. Likita ya hana shi tsayuwa cikin ruwan sanyi, hannun kuma ya ci gaba da rawa, 'ya'yansa suka matsa masa ya huta. Ranar da ya rufe garejin, ya tsallako wurina, abin da ba kasafai yake yi ba, ya miƙo min baƙar igiyar nan. Na ce, "Me zan yi da ita, ni da ba akuya gare ni ba?" Ya nemi ƙusa a jikin bangona ya rataye ta, ya ce in gaida mutanen gida, ya tafi.

Kai ne wanda ya san hannunsa ya gaza, bai ɓoye min ba, bai kuma yi gwaji da motar baiwar Allah ba don kare sunansa. Kai ne ka kira abokin hamayyarka a gaban jama'a ka ce saura nasa. Ni da a ce ni ne, ban san ko zan iya ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake maka kishi a kai. Na gode, maƙwabcina. Na gode da injinan da ka ceta daga hannun masu su, na gode da na 'yata. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya sa ka ci gajiyar hutunka. Ku kuma masu tasowa a sana'ar nan, ku koyi karɓar makulli kafin ku nuna gwaninta, ku koyi kiran wanda ya fi ku a inda ya fi ku. Direbobi kuwa, in ta mutu a ruwa, ku zare makulli ku sa a aljihu, ku fito ku tura. Wandonku zai bushe.

Ruwan farko na bana ya sauka ƙofarsa tana rufe. Ina zaune na ga an turo wata ƙaramar mota daga kwari, direban jiƙe har cinya. Suka tsaya a saman hawa, ya dubi rufaffiyar ƙofar, sannan ya karyo hagu. Ya fito yana haki ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Wata mai bas ɗin 'yan makaranta ce ta tsaya ta ce kada in kuskura in murɗa, in kawo wa babanta. Ta ce duk garin nan yanzu ba wanda ya kai shi."

Na dubi igiyar da ke rataye a ƙusa.

"Ta ce a wurin Kawo-Makulli ka ga aikin," in ji shi. "Kai ne yaron nasa?"

Ni da na girme shi. Ni da na riga shi riƙe sifana. Mai faci ya bar tayar da ke hannunsa ya zuba min ido yana jira. Na miƙe, na ciro igiyar daga ƙusa, na rataya a wuya.

"Ni ne," na ce. "Kawo makulli."

Ya miƙo. Ban janye hannuna ba.

"Kawo ɗayan ma."